Sibiu: Birnin da Harshen Baƙinsa Ya Haɗa Shi da Duniya

Sibiu ita ce hedkwatar jihar Sibiu, a yankin Transilbaniya na ƙasar Rumaniya. A ƙarni na 12 ne sarkin Hungari, Geza na Biyu, ya gayyato manoma da masu sana'a Jamusawa domin su zauna a kan iyakar daularsa, su tsare ta. Su ne suka kafa garin, suka raɗa masa suna Hermannstadt. Sunansa ya fara bayyana a rubuce a shekarar 1191, cikin wata takardar Fafaroma. Gidan tarihi na Brukenthal, wanda aka buɗe a 1817, yana daga cikin gādon da suka bari.

Transilbaniya ta haɗe da Rumaniya a 1918. A zamanin mulkin kwaminisanci, musamman kuma bayan faɗuwarsa a 1989, akasarin Jamusawan suka yi ƙaura zuwa Jamus. Amma makarantunsu ba su mutu ba, domin ƴaƴan Rumaniyawa sun ci gaba da karatu da Jamusanci a cikinsu.

Wannan riƙo ya yi rana. Karin harshen Jamusawan Sibiu ɗan'uwan harshen Lukzambur ne, kuma a 2007 biranen biyu suka riƙe kambin Babban Birnin Al'adu na Turai tare. Sibiu ta ƙulla ƙawance da Rennes ta Faransa, da Landshut da Marburg na Jamus. Klaus Iohannis, Bajamushen da ya zama magajin garin a 2000, an zaɓe shi shugaban ƙasa a 2014. A 2019 kuwa shugabannin Tarayyar Turai suka yi taro a birnin.