Garka a garin yuraniyom

Arlit gari ne da yuraniyom ya haifa. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da ma'adinin a 1971. Cominak ya biyo baya a Akokan, ya rufe a Maris 2021. Kafin zuwansu, mai son ganin garka sai ya nufi duwatsun Ayar, Timia ko Iferwan, inda raƙumi ke jan guga. Nan kuwa tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa ake zuƙowa, wanda damina ba ta mayarwa.

Shi ya sa nake gardama da 'yan'uwana malamai masu cewa kowane gwangwani ya isa yaro ya shuka salati. A 2003 masu binciken Criirad daga Faransa sun tarar ana sayar da tsoffin ƙarafan ma'adana masu tururin guba a garin. A 2009 Greenpeace ta auna ruwan wurare biyar, huɗu sun zarce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya.

A ajina buhun shinkafa muke cikawa da ƙasa da takin awaki, yara su shuka yakuwa. Kafin ban ruwa kuma, sai na tambayi iyaye rijiyar da aka ɗebo shi.