Akwatin Kimura da Masu Haɗa Amfilifaya a Gida

A shekarar 1999 wani ƙaramin kamfani na ƙasar Japan mai suna 47 Laboratory ya fitar da amfilifaya da ya kira Gaincard. Mai zanensa, Junji Kimura, ya saka masa kuɗi kusan dala 3,300, haɗe da akwatin da ke ba shi wuta. Ƙarfinsa wat 25 ne kacal a kowane ɓangare. Da masu son sanin ƙwaƙwaf suka kwance shi, sai suka tarar da abin da ya ba su mamaki: IC ce, wato ɗan guntun da aka dunƙule da'irar lantarki a cikinsa, ƙirar LM3875 ta kamfanin National Semiconductor na Amurka, wadda ake saye da 'yan daloli, sai wasu 'yan kayayyaki, duka-duka guda tara a kowane ɓangare. Jimillar kayan da ke ciki ba ta kai dala ɗari ba.

Wasu sun ce cuta ce tsagwaronta. Ni ban yarda ba, ko da yake kuɗin ya yi yawa. Na yi shekaru ina riƙe da ƙarfen dalma a rumfar gyaran rediyo a Kano, kuma na san irin kallon da muke yi wa IC a lokacin. Kayan talaka ce. TDA2030 mai ƙafa biyar, wadda ke ba da wat 14, ita muke liƙawa a lasifikar mai shayi da ta masallacin unguwa, in ta ƙone a cire a sa wata. Duk wanda ke son a kira shi gwani, da manyan taransisto yake haɗa nasa, allo cike da kaya. Haka abin yake ga masu kuɗin Turai da Amurka da Japan, sai dai su da bawul, wato kwalaben lantarkin nan na tsofaffin rediyo, suke tinƙaho. Kimura ya zo ya ce wannan abar da kuka raina za ta iya, muddin an yi mata aiki da natsuwa.

Al'adar haɗa amfilifaya a gida ta girmi IC nesa ba kusa ba. A 1947 wani matashin injiniya ɗan Birtaniya, D.T.N. Williamson, ya buga zanen amfilifayarsa ta bawul a mujallar Wireless World, kyauta ga duk mai so. Yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, kayan rediyon soja sun cika kasuwa da araha, ga kuma dubban samari da suka koyi aikin waya a bakin daga. Sai kowa ya hau haɗawa a teburin ɗakinsa. A Amurka kamfanonin Heathkit da Dynaco suka shiga sayar da kaya a warwatse cikin kwali, da littafin bayani, mutum ya haɗa da hannunsa. Dynaco ST-70 da David Hafler ya fitar a 1959 an sayar da ɗaruruwan dubbai, har yau wasu na aiki. Da taransisto ta yi ƙarfi, John Linsley Hood ya buga nasa zanen mai wat 10 a mujallar Wireless World a 1969, kuma har gobe ana kwaikwayonsa.

IC ta shigo cikin wannan zuri'a da ƙafar hagu. Na farko-farko, irin IC-10 da kamfanin Sinclair ya tallata a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, ba su cika alkawarin da aka yi a talla ba, kuma ba su da juriya. Daga nan aka yanke mata hukunci, aka bar ta a rediyon mota da talabijin. Injiniyoyi kuwa ba su daina gyara ta ba. Zuwa shekarun 1990 National Semiconductor ta fitar da LM3875 da ƙanwarta LM3886, masu ƙafa 11, masu kare kansu idan zafi ya yi yawa ko wayoyin lasifika suka haɗu. LM3886 tana iya ba da wat 68. Ingancinsu yana rubuce ɓaro-ɓaro a takardar bayanin kamfani, amma masu sauraron kiɗa ba su duba ba.

Abin da Kimura ya yi shi ne rage komai. Hanyar da sauti ke bi daga shiga zuwa fita milimita 32 ce kawai. Zagayen da ke mayar da ɗan sauti baya don gyara kuskure bai wuce milimita 9 ba, domin resistar a jikin ƙafafun IC ɗin aka liƙa ta kai tsaye. Kwandansan wuta ma ƙanana ya sa, alhali kowa manya yake tarawa. Ya raba hagu da dama, kowane da gidansa na alminiyam, taransifoma kuma ya fitar da ita waje don kada gurnaninta ya shiga sauti. Duk wanda ya taɓa fama da amfilifaya mai kuka saboda doguwar waya ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

Da hotunan cikin akwatin suka bazu, sai magina na gida suka ce ai mu ma za mu iya. Suka raɗa wa nasu suna Gainclone, wato kwafin Gaincard. Cikin 'yan shekaru abin ya game duniya, daga Kanada zuwa Ostareliya. Wasu a gwangwanin biskit suka haɗa, wasu suka sassaƙa katako. Wasu suka juya zanen, wasu suka ƙara bawul a gaba, wasu suka haɗa IC biyu ko huɗu don ƙarin ƙarfi. Abin da ya ja mutane shi ne mai koyo zai iya gama shi a yini ɗaya, ya kunna, ya ji muryar da ba ta jin kunyar ta kanti. Wannan ya fi burge ni fiye da akwatin Kimura kansa, domin ya dawo da yaran da tsadar bawul da wahalar saita taransisto suka kora daga sana'ar.

Sauƙin nata yana da sharuɗɗa, kuma da hayaƙi aka koye su. LM3886 ba ta zama lafiya idan an saita ta ta ninka sauti ƙasa da sau goma, sai ta riƙa rawa a wani amo da kunne ba ya ji, tana ɗaukar zafi ba gaira ba dalili. Mai harafin T a ƙarshen lambarta, ƙarfen bayanta yana ɗauke da wuta, in ka ɗaure ta a jikin akwati ba tare da shimfiɗa mai raba su ba, tartsatsi za ka gani. Mai TF an lulluɓe bayanta da roba. Dole a ba ta faffaɗan alminiyam mai shan zafi, a shafa farin man nan mai ratsa zafi tsakaninsu, balle a watan Afrilu a garinmu. Duk wayoyin ƙasa a tara su wuri ɗaya. Ɓangaren taransifoma kuwa, inda wutar gida ke shiga, ba wurin koyo ba ne, yaro ya nemi babba ya tsaya a kansa. Sai kuma jabu, wadda ta cika kasuwa: lamba daidai, tambari daidai, amma da ka murɗa sauti sai ta fashe.

Texas Instruments ta saye National Semiconductor a 2011, LM3875 ta yi wuyar samu, masu haɗawa suka koma kan LM3886 da TDA7294. A gefe guda kuma wani sabon salo ya taso, wanda ake kira aji D, mai kunna wuta da kashewa sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa, don haka ba ya ɓarnar wuta sosai a zafi. Alluna masu ɗauke da TPA3116 suna zuwa daga Sin a haɗe, da araha, suna aiki da batirin sola, abin da ya dace da mu sosai. Amma ƙafafun wannan IC sun yi ƙanƙanta, ƙarfen dalma na rumfa ba ya iya kama su, sai dai ka sayi allon ka jona waya. Shi ya sa duk yaron da ya zo wurina yana son koyo, TDA2030 nake fara miƙa masa, in ya iya ta sannan mu hau LM3886.