Gidan Bin Laden: Maginan Masallatan Makka da Madina

Kamfanin gine-gine na gidan Bin Laden ya samo asali ne daga Muhammad bin Awad bin Laden, mutumin Hadramaut ta ƙasar Yaman, wanda ya zo Jidda yana matashi ya fara da dako. Daga nan ya koma gini, a 1931 kuma ya kafa kamfaninsa. Aikin da ya yi wa gidan sarauta ya sa Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ya amince da shi, wannan amana kuwa ita ta zama jarin gidan.

A farkon shekarun 1950 aka ba shi faɗaɗa Masallacin Annabi (SAW) a Madina, a 1955 kuma ya kama na Harami a Makka. Shi ya yi gyaran ƙubbar Sakhra da ke harabar Al-Aƙsa a Ƙudus. Ba ƙaramin rabo ba ne magini ɗaya ya sa hannu a waɗannan wurare uku. Ya kuma fasa duwatsu ya fitar da hanyar mota daga Makka zuwa Ɗa'ifa.

Ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1967, ya bar 'ya'ya fiye da 50. Salim ya riƙe kamfanin har shi ma jirgi ya faɗi da shi a Amurka a 1988, sai ƙaninsa Bakr ya gaje shi. Ɗan'uwansu Usama, wanda duniya ta fi sani, dangin sun barranta da shi a 1994.

Zamanin Bakr ne aiki ya bunƙasa ƙwarai. Kamfanin ya yi faɗaɗawar Sarki Fahad a masallatan biyu, ya gina sabuwar gadar Jamarat mai hawa-hawa, wadda ta rage turmutsitsin wajen jifa, da dogon benen agogo mai tsayin mita 601 da ke kallon Ka'aba.

Ranar 11 ga Satumba 2015 iska mai ƙarfi ta kayar da injin ɗaga kaya na kamfanin cikin Harami, mutum fiye da 100 suka rasu, har da alhazan Najeriya. Gwamnatin Saudiyya ta hana kamfanin sababbin kwangiloli na wani lokaci, faɗuwar farashin mai ta ƙara matse shi, ya sallami dubban ma'aikata. A 2017 aka tsare Bakr a kamen da aka yi wa manyan attajirai a Riyad, daga baya gwamnati ta karɓi kaso a kamfanin, ragamar gudanarwa ta fita daga hannun 'ya'yan gidan.