Daga Rawanin Fada Zuwa Kambun Talabijin: Tarihin Karrama Mawaƙa a Ƙasar Hausa

Tun kafin a san talabijin, ƙasar Hausa tana da tsarinta na karrama makaɗi. Idan waƙa ta ratsa sarki, a nan take ake fito da doki da riga da rawani, wani lokaci har da gona ko sarautar sarkin kiɗa. Shaidun kuwa su ne jama'ar da suka cika ƙofar fada ran hawan salla. A irin wannan inuwa Aliyu Ɗandawo ya yi tashe da taushinsa a fadar Argungu, Ibrahim Narambaɗa ya shahara a Isa, Musa Ɗanƙwairo kuma a Maradun.

Buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 ya sauya lamarin. Muryar da a da sai an yi tattaki ake ji, sai ga ta a rumfunan kasuwar Jega da gonakin albasar Aliero. Daga nan hukuma da jami'a suka shigo. Mamman Shata ya sami lambar girma ta ƙasa, MON, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, shi ma ya sami lambar ƙasa. Bukukuwan ba da kambu a gaban kyamara sun zo ne daga baya, tare da bunƙasar Kannywood, kuma galibi mawaƙan fim da na fiyano suke ɗagawa.

A nan giɓin yake. Muhammadu Gambu, ɗan Fagada a ƙaramar hukumar Maiyama, ya yi suna a duk Arewa da waƙar ɓarayi. Ana iya ƙyamar jigonsa, amma azancinsa da zaƙin Hausar yamma da ke bakinsa sun sa ɗaliban jami'a suna nazarinsa. Irinsa, da makaɗan noma da na dambe da na maharba, kaset da bakin jama'a ne suka riƙe su, sai kuma manazarta irin Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, wanda ya wallafa littafi a kan Narambaɗa a 2009.

Wata al'umma ta fuskanci irin wannan ƙorafi, ta kuma yi maganinsa. Mawaƙan Sifaniyanci da Fotugis sun daɗe suna ganin an ware musu ɗan lungu a bikin Grammy na Amurka. A watan Satumba na 2000 aka fara nasu, Latin Grammy, a Los Angeles, tashar CBS ta nuna shi. A 2005 ya koma tashar Univision, ana gabatar da shi da Sifaniyanci. Abin koyi shi ne, an ware wa kiɗan gargajiya rukuninsa, kuma masu sana'ar ne ke jefa ƙuri'a.

A nan gida kuwa, Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, ba ta rasa dandali ba: bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin UNESCO a 2016. Abin da ya rage shi ne a ware wa makaɗan gargajiya dare guda, a naɗi waƙoƙinsu, a adana, a kira sunayensu suna raye. Yabon da aka yi wa mutum bayan ransa, magada ne kawai ke ji.