Dokar Agadas ta 2015 da Masu Aikin Sa Kai

Tun zamanin ayarin fatake Agadas take zango ga mai nufin ƙetare Hamada, kuma jigilar baƙi ba ta zama laifi a can ba sai a 2015. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga Kance, watau tsakiyar ƙasar Hausa. Da wannan hujja, da matsin Turai, gwamnatin Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 a watan Mayu na 2015. Daga 2016 aka shiga ɗaure direbobi, ana ƙwace motocinsu.

To, amma tafiya ba ta tsaya ba. Direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi da hanyar da aka sani, gudun jami'ai, kuɗin mota ya hau, wanda motarsa ta lalace kuwa babu mai jin labarinsa.

A 2017 aka kafa Alarme Phone Sahara. Mutanenta suna karɓar kiran waɗanda suka maƙale, suna rubuta labarin matattu. A Asamaka kuma suna fita da babur mai ƙafa uku su kwaso gajiyayyu, gama Aljeriya takan sauke waɗanda ta kora a fili, wajen kilomita 15 daga garin. Ba su tsaya ga jinƙai ba. Hujjarsu ita ce, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Afirka ta Yamma izinin zirga-zirga a ƙasashen ƙungiyar, Agadas kuwa cikin Nijar take. Ta yaya za a tare Bamale a can bisa zaton inda ya nufa? A 2022 su da wasu ƙungiyoyi suka kai ƙara kotun ECOWAS.

Sai dai wajibi ne mai tarihi ya yi hattara, kada ya ba su nasarar da ba tasu ba. Gwamnatin soja ta Janar Tiani ce ta soke dokar a Nuwamba 2023, bayan ta ɓata da Turai, sa'an nan Nijar ta fice daga ECOWAS ɗin kanta a Janairu 2025, watau ƙungiyar da masu ƙara suka dogara da yarjejeniyarta.