Taimakon gwamnati a shekarar korona: me ya iso gona?

 A taronmu da ya wuce wani dattijo ya tambaya ko gwamnati ta biya manoma wani abu lokacin cutar korona, don ɗansa ya gaya masa an biya a Amurka. Gaskiya ne, a 2020 gwamnatin Amurka ta ware dalarta biliyan 16 don a ba manoma hannu da hannu. To ga yadda abin ya kasance a ƙasar Tasawa da Mayahi.

An samu mutum na farko da cutar a Yamai ran 19 ga Maris 2020. Ran 27 ga wata shugaba Isuhu Mahamadu ya kafa dokar ta-ɓaci, ya ce gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwa na wata 2. Madalla, amma wanda fitilarsa tocila ce, ruwansa na rijiya, bai ga an ɗauke masa komai ba. Abin da ya shigo karkara shi ne hatsin OPVN mai rahusa, da rabon abinci kyauta, sannan daga baya jika 45 sau ɗaya ga gidajen da sunansu ya shiga takarda, da tallafin Bankin Duniya. Wanda ya samu ya gode. Amma duk ciki aka duba, ba gona ba.

Alhali gona ce ta ji jiki. Tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, korona ta zo ta ƙara kulle a kan kulle, ƙofar Jibiya ma sai Afrilu 2022 aka buɗe ta. Wake da riɗi da bisashen da muka saba kaiwa kudu suka rasa mai saye na kirki. Ku kuma masu cin rani a Kano da Ikko da Aljeriya, aiki ya tsaya muku daidai lokacin da gida ke jiran kuɗin iri da taki da na ƴan ƙodago. Magidancin da ya ci irinsa a bazara, jika 45 ba ta mayar masa da shukar farko.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tsofaffinmu sun san rumbun tsimi na zamanin Nasara, inda ake tilasta wa kowane gida ya aje hatsi, ba ya taɓa shi sai da izini. Mutane sun tsane shi saboda tilas ɗin, amma ko ba komai hatsin yana cikin gari. An kafa OPVN a 1970, fari ya biyo baya, kuma zancen hatsin taimako da bai kai ga talaka ba yana cikin dalilan da soja suka bayar da suka kifar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974. A yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, iyakar Najeriya a rufe take, kamar dai 2020. A 2005 kuma sai da hotunan yaran Maraɗi suka zagaya duniya kafin a soma rabo kyauta.

Don haka ne kwamiti yake son a taro mai zuwa a raba rumbun ƙungiya biyu, na ci daban, na iri daban, kada a buɗe na irin sai ruwan shuka ya sauka. Dattawan da suka ga rumbun tsimi da idonsu, muna roƙon su zo su faɗi yadda aka riƙe makullinsa.