2.3 Tarihin Kuskuren Fahimtar Gani da Yadda Ya Shafi Ɗalibin Rimaye

Tunanin cewa ido ne ke fitar da haske ya sauka kan abin da ake kallo daɗaɗɗe ne ƙwarai. Masanan Girka irin su Yuklid da Batlamiyus a kan haka suka tafi, kuma ra'ayin nasu ya yi ƙarnuka ana karantar da shi.

Wanda ya rushe shi da hujja shi ne Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa haske daga abu yake tasowa ya shiga ido. Daga cikin dalilansa akwai zafin da ido ke ji idan aka kalli rana, da kuma hoton abu mai haske da ke saura bayan an rufe ido. Da a ce ido ne mai bayarwa, me zai sa ya cutu da abin da ya kalla?

Duk da haka kuskuren bai mutu ba. Yaro a Rimaye ya saba jin ana cewa "hasken ido", kuma ya sha ganin idon kyanwa yana ƙyalli da dare, don haka yakan shigo aji da nasa bayanin. Alhali kuwa wata fata ce a bayan idon kyanwar ke mayar da hasken tocila kamar madubi. Malamin da ya zana kibiya a allo kawai, bai tambayi ɗalibi abin da ke hana shi gani a ɗaki mai duhu ba, zai iya samun amsa daidai a jarrabawa, tsohon tunanin kuwa yana nan.